Jadawalin Excel ko manhajar tsara aiki: wanne zai kai ragunanku kasuwa kafin Sallah?

Jama'ar da ke ruga da mashekari, da ku da ke bakin iyaka kuna jiran a duba takarda, da direbobin da suka kashe mota suka kunna rediyo, barkanmu da war haka. Iyayena shugabannin makiyaya da manyan dillalai, ranku ya daɗe. Ku yi mini haƙuri, yau da sunan kwamfuta zan buɗe baki, amma kada kowa ya murɗa akwatinsa, domin ƙarshenta maganar raguna ce da mota da ranar kasuwa.

Abin da ya kawo zancen shi ne saƙon murya da wani matashi ya turo mana daga wajen Magarya. Shi ne magatakardan wata ƙungiya ta mutum goma sha biyu da ke haɗa jari kowace shekara su sayi ragunan Layya a kasuwannin ƙauye, su tsallaka da su, su loda zuwa kudu. Ya ce shekara biyu ke nan yana rubuta tsarin aikin a Excel, a cikin salularsa. To kwanan baya ya je wani taron horo, mai koyarwa ya ce masa Excel na lissafin kuɗi ne, wanda ya san abin da yake yi manhajar tsara aiki yake amfani da ita. Yanzu yana tambaya: ya roƙi dattawan ƙungiya su cire kuɗi a sayi manhajar, ko ya ci gaba da abin da ya saba?

Ɗan'uwa, amsarka a taƙaice ita ce ka zauna a kan jadawalinka, kada ka taɓa kuɗin mutane tukuna. Sai dai akwai gyara ɗaya da in ba ka yi ba, wata rana jadawalin nan zai kunyata ka a gaban dattawa, kamar yadda ya kunyata ni. Kuma malamin naka ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, akwai aikin da maganarsa ta dace da shi. Mu bi ta sannu.

Ga wanda bai taɓa gani ba, Excel da 'yan'uwansa irin Google Sheets shafi ne da aka zana gida-gida, kamar littafin mai shago: layuka a kwance, layuka a tsaye, kowane gida ka rubuta abin da ka ga dama. Bambancinsa da littafi shi ne gida ɗaya yana iya ɗauko lamba daga wani gida ya yi lissafi da ita, in ka canza ta farko sai sauran su canza da kansu. Ba sabon abu ba ne. Na farkon irinsa da ya shahara, VisiCalc, ya fito a Amurka a 1979, Excel kuma a 1985. Ita kuwa manhajar tsara aiki, irin Microsoft Project ko ProjectLibre ko GanttProject, aba ɗaya aka ƙera ta ta yi: ka gaya mata ayyukanka, kwana nawa kowanne zai ci, da wanne ne ke jiran wanne, ita kuma ta fitar maka da ranaku.

Wannan magana ta "wanne ke jiran wanne" ita ce gishirin zancen duka, kuma kun fi ni saninta tun kafin a haife ni. Ba a loda rago sai an saye shi. Ba a sayensa sai kuɗi sun taru. Amma sayen dusa ba ya jiran likita, kuma cinikin mota ba ya jiran dusa. Wasu ayyukan a ɗaure suke da juna kamar raƙuman ayari, na gaba ya tsaya kowa ya tsaya. Wasu kuma sake suke, suna da sarari.

Bari mu yi lissafin aikin wannan ƙungiya tare. Kwanakin da zan faɗa misali ne kawai, kowa ya sa nasa. A ce tara kuɗi daga hannun mutum goma sha biyu zai ci kwana 5, don kun san akwai mai cewa "gobe in Allah ya kai mu". Canjin naira zuwa sefa kwana 1. Zagaya kasuwanni ana saye kwana 14. Likitan dabbobi ya duba kwana 2. Takardun fita kwana 2. Kora zuwa inda za a loda kwana 2. Lodi kwana 1. Hanya kwana 3. In kun tara, kwana 30 ke nan. Kuna son ku sami kwana 10 kuna sayarwa kafin Sallah, ke nan saura kwana 40 Sallah ya kamata a fara karɓar kuɗi. A cikin waɗannan ayyuka takwas babu wanda zai makara da kwana ɗaya ba tare da ya tura ranar isa da kwana ɗaya ba. Su ne sarƙar da ba ta da rara.

Yanzu dubi dusa da harawa. Tanadinsu kwana 3 ne, ba a kuma bukatarsu sai ragon farko ya shigo garke a rana ta 7. Suna da rarar kwana 3, ko an yi jinkirin kwana biyu babu abin da ya lalace. Cinikin mota kuwa a takarda yana da rarar fiye da mako uku, tunda sai rana ta 27 za a loda. Na ce a takarda, domin duk wanda ya taɓa neman tirela saura mako biyu Sallah ya san wannan rarar ta ƙarya ce. Amma kun ga amfanin rarrabewa. Magatakarda mai hankali ba ya kashe kuɗin kira yana faɗa da mai harawa a ranar da likita bai zo ba. Likitan zai bi, don shi ne a kan sarƙa.

Turawa sun sa wa wannan dabara suna, sun kuma mai da ita lissafi a ƙarshen shekarun 1950, a kamfanin DuPont na Amurka, lokacin da suke neman rage kwanakin da masana'anta ke yi a rufe ana gyara. Kafin nan, a shekarun 1910, wani injiniya mai suna Henry Gantt ya yaɗa zanen nan da ake jan sanda a kwance ga kowane aiki, tsawon sandar shi ne tsawon kwanakinsa. Shi ne zanen da ƙungiyoyin agaji ke cewa ku kawo in kun je neman tallafi. Manhajoji irin Microsoft Project a kan waɗannan abubuwa biyu aka gina su. Ba wani siddabaru a ciki.

To ga inda na ji kunya. Shekarar da na gama karatun aikin jarida, kawuna ya ce tunda na yi boko in rubuta masa tsarin tafiyar ragunansa. Na zauna na yi jadawali mai kyau, har da launi, ja da kore. Kowace rana da hannuna na buga ta. Ana cikin haka aka aiko cewa ba za a sami dubawar likita ba sai bayan kwana biyu. Na buɗe salula na gyara layin likita, na gyara layin takardu, aka kira ni wani wuri, na manta layin mota. Yaron da ke hulɗa da direba ya duba jadawali ya ga ranar da ke rubuce, ya ce mota ta taso. Mota ta zo ta kwana biyu tana jira, direba ya ce sai an biya shi kuɗin zama, kuma gaskiyarsa. Kawu bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, da a kaina na bar lissafin nan da ban manta ba." Har yau in na tuna sai in ji gara ya zage ni.

Laifin ba na Excel ba ne, nawa ne. Na yi amfani da shi kamar allo, alhali yana iya lissafi. Wannan shi ne gyaran da na ce magatakardan Magarya ya yi, kuma duk mai irin aikinsa ya saurara da kyau. Rana ɗaya tak za ka buga da hannu, ranar fara aikin farko. Kwamfuta a wurinta kwanan wata lamba ce, tana iya ƙara masa kwanaki kamar yadda take tara kuɗi. Saboda haka a gidan ranar farawa na aiki na biyu, kada ka rubuta rana. Ka fara da alamar daidai, 'yan layukan nan biyu a kwance, ka taɓa gidan ranar farawar aikin da yake jira, ka sa alamar tarawa, ka taɓa gidan kwanakinsa. Haka za ka yi har ƙasa. Daga nan in likita ya ƙara kwana biyu, lamba ɗaya za ka canza, 2 ta koma 4, sai ka ga ranar takardu da ta kora da ta mota da ta isa duk sun matsa da kansu. In aiki ɗaya yana jiran abu biyu, kamar lodi da ke jiran isowar raguna da kuma isowar mota, akwai kalmar MAX da ke ɗaukar ranar da ta fi nisa a cikin biyun. Da Faransanci salularka ke magana ko da Turanci, wannan kalmar ɗaya ce.

Ka ƙara layi biyu a tsaye. Ɗaya na sunan wanda aikin ke wuyansa, mutum ɗaya, ba "mu duka" ba. Ɗaya kuma ya riƙa nuna sunan ranar, Litinin ce ko Alhamis. Wannan na biyun shi ne na fi so ku riƙe a duk hirar yau.

Dalili kuwa, mu a nan ba da kwanaki kaɗai muke aiki ba, da ranakun kasuwa muke aiki. Maigatari Alhamis take ci. Mai'aduwa da Jibiya da Illela ranar Lahadi. Maraɗi Litinin da Juma'a. In tsarinku shi ne a loda ranar kasuwar Maigatari, saboda ranar ce motoci da 'yan lodi ke cika, to makarar kwana ɗaya ba kwana ɗaya ba ce. Kun iso Juma'a, kasuwa ta watse, ko dai ku biya mota da tsada ko ku jira Alhamis ta gaba. Kwana goman da kuka ware na sayarwa sun koma uku. Rago ɗari na cin dusa mako guda ba tare da an sayar da ko ɗaya ba, wannan lissafin ku yi shi da kanku, kun fi ni sanin kuɗin buhu. Kuma wanda ya isa kasuwar kudu saura kwana uku Sallah, masu saye sun san a matse yake. Jadawalin da ke nuna maka "14 ga wata" kawai ba zai tsorata ka ba. Wanda ya nuna maka "Juma'a" a layin lodi zai sa ka miƙe tsaye. Don haka ni a ganina, a bar rarar kwana ɗaya ko biyu kafin kowace ranar kasuwa da ba a son a rasa, a rubuta rarar a matsayin layi na kanta, kowa ya gan ta.

A nan ne ma manhajojin nan masu tsada ke ba mutanenmu mamaki. Microsoft Project, in ka buɗe shi sabo, ɗauka yake ana aiki Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe takwas zuwa biyar, Asabar da Lahadi hutu. Don ma'aikatan ofis aka yi shi. In ba ka shiga ka gyara kalandarsa ba, sai ya tsallake maka Lahadi, ranar da rabin cinikinka ke faruwa, ya kuma ɗauka raguna na hutawa a hanya ranar Asabar. Ana iya gyarawa, har ana iya gaya masa cewa wannan aiki ranar Alhamis kaɗai ake yinsa. Amma sai wanda ya san akwai matsalar zai je neman maganinta, kuma horon kwana biyu ba kasafai yake kaiwa nan ba.

Kada ku ce na zo kare Excel ne. Yana da cututtukansa, kuma na farko shi ne ba ya musu. Duk abin da ka buga zai karɓa. Wani ya ari salularka ya buga rana da hannu a kan gidan da ke da lissafi, lissafin ya mutu, babu ƙara babu gargaɗi, jadawali na nan da kyansa amma sarƙar ta tsinke a tsakiya. Na biyu, yawo. Ka tura wa Alhaji a WhatsApp, ya tura wa ɗansa a Kano, ɗan ya gyara abu ɗaya ya turo, kai ma ka gyara naka, kafin mako ya ƙare akwai jadawali huɗu kowanne da ranar lodinsa. Google Sheets ya rage wannan, tunda kowa shafi ɗaya yake gani, amma sai da rezo, ko sabis kamar yadda 'yan'uwanmu na tsallake ke cewa, kuma kun san inda rezo ke ƙarewa a hanyar daji.

Na uku ya shafe mu fiye da kowa, mu da ke tsakanin boko biyu. Salular da aka saita da Faransanci tana ɗaukar waƙafi a matsayin alamar gutsure. Wanda ya yi makaranta a Najeriya ya buga 1,500 yana nufin dubu ɗaya da ɗari biyar, ita kuma ta karanta ɗaya da rabi. Haka kwanan wata: 3/4 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, amma na'urar da ke kan tsarin Amurka 4 ga Maris za ta fahimta. Maganin wannan mai sauƙi ne, ka sa jadawali ya riƙa nuna sunan wata da haruffa, kuɗi kuma a buga su ba waƙafi ba ɗigo, a ware layin naira daban da na sefa. Jaka da naira ba sa kwana gida ɗaya.

Kuma ba mu kaɗai abin ke ci ba. A watan Oktoba na 2020, lokacin annobar korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta gano cewa sakamakon mutum kusan 16,000 da suka kamu bai shiga ƙidaya ba. Dalili, an yi amfani da tsohon samfurin fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar layi fiye da 65,536. Da ya cika, sauran suka zube, bai ce uffan ba. Ku ba za ku kai layi dubu sittin ba, amma halin ɗaya ne: in ya yi kuskure, shiru yake yi.

To yaushe maganar malamin horo ke zama gaskiya? Ku ɗauki wani aikin daban. Ƙungiyar makiyaya ta sami tallafi za ta gina rijiyoyin siminti shida a kan burtali, da shingen allurar rigakafi, da rumbun ajiye abincin dabbobi, kuma dole a gama kafin ruwan farko, domin da damina ta sauka hanya ta yanke, makiyaya kuma sun yi arewa. Maginan rijiya ƙungiya biyu ce kawai. Ƙarfen zuba kwanon siminti saiti ɗaya ne. Mota ɗaya ce ke kai siminti da tsakuwa duk wuraren. A nan ayyuka sun haura ɗari, kuma ba juna kaɗai suke jira ba, suna rububin kaya ɗaya da mutane ɗaya. Rijiya ta biyu ta ci karo da dutse ta ƙara mako guda, ke nan ƙarfen zubi bai tafi rijiya ta uku ba, ke nan maginan da aka yi wa alkawari suna zaune ana ciyar da su. Jadawalin gida-gida ba zai gaya maka cewa ka aika mota ɗaya wuri biyu a rana ɗaya ba, sai in kai ka lura. Manhajar tsara aiki za ta nuna maka da ja. Za ta fitar maka da sarƙar da ba ta da rara ba tare da ka nema ba, ta sake fitar da ita duk lokacin da abu ya canza, ta kuma ajiye tsarin farko domin ranar da masu tallafi suka tambaya ina aka makara, ka nuna musu. Mai irin wannan aiki da ya nace wa Excel wahalar da kansa yake yi.

Ko a nan ma ba lallai a kashe kuɗi ba. ProjectLibre da GanttProject kyauta ake sauke su a kwamfuta, kuma suna aiki ba tare da intanet ba. Abin da za ku biya shi ne lokacin koyo, da kwamfutar kanta, da wutar cajinta. Waɗanda ake tallatawa a salula kuwa, irin Trello da Asana, a yi hattara. Suna da kyau wurin raba aiki da tunatarwa, kowa ya ga katinsa, ya matsar da shi in ya gama. Amma Trello a asalinsa allon katuna ne, ba mai lissafin sarƙa ba. Kuma irin waɗannan, abubuwan da suka fi amfani sukan kasance a ɓangaren biya, kowane mutum kowane wata, da kuɗin waje, ta katin banki. Ku lissafa mutum goma sha biyu sau wata goma sha biyu, saboda aikin da ake yi kwana arba'in a shekara. Sannan ku tambayi kanku, a cikin sha biyun nan mutum nawa ne za su buɗe manhaja da Turanci ko Faransanci su danna "na gama"? In amsar ita ce magatakarda kaɗai, to kun sayi motar haya ne mutum ɗaya ke hawa.

Iyayena makiyaya, na san wani na cewa, mu da ke bin ciyawa ina ruwanmu da wannan. Gaskiya ne, tafiyar garke ba a ɗaure ta da kwanan wata. Hadari ke ba da umarni, da labarin da ɗan leƙe ya kawo, da ranar da hukuma ta ce an saki gonaki. Ba zan ce Ardo ya sayi kwamfuta ba. Amma ko a cikin tafiyar akwai 'yar sarƙa. Takardar shaidar ƙetare iyaka da dabbobi, wadda ƙasashen CEDEAO, ko ECOWAS, suka amince da ita tun 1998, tana neman a nuna yawan dabbobi da allurar da aka yi musu da hanyar da za a bi. Ke nan takarda na jiran allura, allura na jiran zuwan ma'aikatan kiwo, su kuma ba kullum suke zuwa ba. Yanzu da Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairun 2025, a riƙa tambayar ofishin kiwo mafi kusa wace takarda ake nema kafin a ɗaga, kada a dogara da yadda aka yi bara. Wannan sarƙar mai ƙulli uku ko huɗu ba ta bukatar manhaja. Bayan kwalin shayi ya ishe ta, in akwai yaro mai rubutu, da boko ko da ajami.

Akwai kuma abin da babu na'urar da ta san shi. Ranar Sallah kanta ba a tabbatar da ita sai an ga watan Zulhajji, kuma mun sha ganin Nijar da Najeriya sun saɓa da kwana ɗaya. Kowace shekara kuma tana matsowa da kimanin kwana 11, don haka jadawalin bara ba ya yi wa bana aiki sai an canza ranar farko, an kuma sake duba inda ranakun kasuwa suka faɗa. Iyaka fa? A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Bayan 26 ga Yulin 2023 an sake rufewa wata da watanni. A 2025, ana gab da Babbar Sallah, gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi waje. Wanda ya biya kuɗin manhaja da wanda ke rubutu a littafi duk rana ɗaya suka ji labari, a rediyo. Abin da tsari mai kyau zai yi maka a irin wannan rana shi ne ya amsa tambaya ɗaya da sauri: in hanya ta toshe yau, me muka riga muka kashe, me za mu iya tsayarwa, kuma wace kasuwa ta cikin gida za mu iya kamawa da ragunan da ke hannu? Saboda haka nake ba magatakarda shawara ya kwafi jadawalinsa a shafi na biyu, ya sa masa suna "in an rufe", ya cika shi tun ana zaman lafiya.

Sai abu na ƙarshe da na koya daga kawu bayan abin da ya faru. Shekara ta biyu bai hana ni yin jadawali ba, amma ya kafa sharaɗi. Kowace rana bayan sallar isha'i sai na kira mutum uku, mai saye da mai kula da garke da mai hulɗa da direba, in tambayi kowa abin da ya gama da gaske, ba abin da yake fatan gamawa ba. In gyara lamba, in karanta wa kawu layuka uku masu zuwa da baki, sannan in yi saƙon murya ɗaya da Hausa in tura wa kowa. Ba wanda ke taɓa jadawalin sai ni. Ranar Juma'a kuma in kwafe shi a takarda, saboda ranar da salula za ta faɗa ruwa ko caji ya ƙare a daji. Kiran nan na minti goma ya fi duk launin ja da koren da na yi a shekarar farko amfani. Da manhaja mai tsada ce a hannuna ma sai na yi kiran, domin ita ma abin da aka gaya mata take sani. In mai saye ya ce ya sayi tamanin alhali sittin ya saya, za ta zana maka kyakkyawan zane a kan tamanin.

Saboda haka ɗan'uwa na Magarya, ƙirga layukanka. In ba su wuce ashirin ko talatin ba, kuma kai kaɗai ke riƙe da alƙalami, ɗaura ranakunka da lissafi, fito da sunayen ranaku, ka bar kuɗin dattawa a sayi ƙarin rago. Ranar da ƙungiyarku ta girma har kuna loda mota biyar daga kasuwa uku, kuna rabon direbobi da makiyaya tsakaninsu, ka nemi kwamfuta ka sauke ɗaya daga cikin na kyautan nan, ka gwada ta a lokacin da ba kowa ke jiranka ba, ba saura kwana arba'in Sallah ba.

Wanda ya gwada ɗaura ranakun ya ga lissafi ya ƙi, ya turo mana saƙon murya ya faɗi layin da ya tsaya, za mu duba tare a shiri na gaba. Mako mai zuwa kuma, in Allah ya kai mu, muna tare da wani dillali da wani direban tirela a kan kuɗin zaman mota: wa ya kamata ya biya in lodi ya makara, kuma me ya kamata a faɗa tun ranar ciniki. A huta lafiya.